In karɓi Keke Marwa bashi, ko in riƙe teburin shayina?

Ɗan Funtuwa: Salamu alaikum. Ina da teburin shayi a Agege ta Legas, kusa da tashar jirgin ƙasa. Wani alhaji ya ce zai ba ni Keke Marwa, wato a-daidaita-sahu, in riƙa biya duk mako har ta zama tawa. Wallahi zuciyata ta kwanta da abin, don ina ganin damin kuɗin da direbobi ke ƙirgawa a benci na da daddare. Yayana kuwa ya ce in dakata. Me kuka gani?

Tsohon Direba: Ƙanena, damin nan ba nasu ba ne. Tun da Tinubu ya cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, gidan mai ne ke fara ɗibar rabonsa. Sai tikitin 'yan agbero, wato 'yan kamasho, a tasha, sai bakanike, sai taya, sai ranar da ruwan sama ya cika titi ka wuni a kwance, alhali kuɗin alhaji bai san damina ba. Ka sami direba ɗaya da ba zai yi maka ƙarya ba, ku rubuta shiga da fita na mako biyu. Teburinka ma haka: madara, ƙwai, burodi, indomi, gas, har da bashin da ake ci maka ana cewa sai gobe. Yawancin masu shayi ba su san ribarsu ba, aljihu ɗaya suke zuba uwa da riba. Sai ka ajiye takardun biyu gefe da gefe.

Na Idi-Araba: Ka sa doka a lissafin. A Fabrairun 2020 gwamnatin Legas ta hana acaɓa da keke a Ikeja, Surulere, Apapa da wasu ƙananan hukumomi uku. A 2022 ta ƙara matsa wa acaɓa, har Mushin da Oshodi. Yaranmu da yawa sun koma gida da bashin babur a wuya. Tambayi alhajin: in an kama keken, ko ka kasa biya mako biyu, abin da ka riga ka biya fa? A rubuta, da shaidu.

Maman Khalifa: Ɗana, ka yi istihara, amma bayan ka gama lissafin da shawara. Kuma kada ka sayar da teburin, ɗora yaro a kai.

Ɗan Funtuwa: Na gode, Allah ya saka. Baba Direba, kuɗin tikitin nan a rana ake biya sau ɗaya, ko kowane lodi?