Shawarwarin malaman kwamfuta daga zamanmu na Gombe

Mun zauna da malaman sakandare a Gombe kan tambaya ɗaya: yaya malamin kwamfuta zai ƙaro ilimi, alhali wani Lissafi ya karanta aka ɗora masa darasin?

Mafi yawa sun ce a fara da Scratch, manhajar koyon tsara shirin kwamfuta ta jami'ar MIT ta Amurka. Kyauta ce, kuma tana aiki ba intanet. Sai hannu ya faɗa a shiga Python, yaren rubuta shirin kwamfuta.

Batun koyarwa in babu wutar lantarki ne ya ja lokaci. Wata malama ta ce da katuna biyar masu ɗigo 1, 2, 4, 8 da 16 take koyar da lissafin sifili da ɗaya, wanda kwamfuta ke aiki da shi. Yara biyar su riƙe, wanda ya kife nasa sifili ne. A ce su fitar da 21, sai aji ya kaure da gardama. Ni dai wannan ta fi burge ni.

Bitar kwana biyu kuwa, an ce ba ta zama a ka, gara haɗuwa duk wata. Wani dattijo ya tuna mana tun 2015 JAMB ta koma kwamfuta, don haka yara su saba da madannai tun suna aji ɗaya.