Shin don mace ce Binani ta faɗi zaɓen gwamnan Adamawa?

Adda Hauwa: Assalamu alaikum 'yan gida. Jiya da daddare 'yata da ke ajin ƙarshe a sakandare ta tambaye ni me ya sa har yau ba a taɓa zaɓen mace gwamna a Najeriya ba. Na ba ta labarin Sanata Aishatu Dahiru Binani, yadda ta kai bakin ƙofar gidan gwamnati na Dougirei a 2023 ta dawo. Ta ce me ya kayar da ita? Na ce abu ɗaya ne, mace ce. Da namiji ne ya tara jama'ar da ta tara, da shi aka rantsar. Na kwana da maganar a raina, shi ya sa na kawo ta nan. Wanda yake ganin na faɗa wa yarinya ba daidai ba, ya fito ya gyara mini.

Hamma Buba: Wa alaikumus salam Adda. Ni dai zan ce kin faɗa mata rabi. Dubi lissafi. Ranar 25 ga Fabrairu, a zaɓen shugaban ƙasa, Tinubu, ɗan takarar APC, ƙuri'a 182,881 ya samu a Adamawa. Sati uku bayan nan, ranar 18 ga Maris, Binani a tutar jam'iyyar nan ɗaya ta samu 390,275, Gwamna Ahmadu Fintiri na PDP kuma 421,524. Ta ninka abin da jam'iyyarta ta samu har da ɗori. A 2019 kuwa Jibrilla Bindow, namiji, kuma yana kan kujera, 336,386 ya tashi da su. Wato macen da kike cewa an ƙi ta don mace ce, ta fi gwamna mai ci na jam'iyyarta jan jama'a. Ta yaya waɗannan biyun za su zauna wuri ɗaya?

Adda Hauwa: Hamma, lissafinka ne ma hujjata. Tazarar 31,249 ce kacal. A jiha mai ƙananan hukumomi 21, wannan ba ya kai dubu ɗaya da ɗari biyar a kowace. Kana nufin a duk ƙaramar hukuma ba a samu mutum ɗari takwas da suka so ta, suka yarda da aikinta, amma suka juya suka dangwala wa wani saboda abin da aka faɗa musu a kan mumbari ba? Ni da kunnena na ji a unguwarmu ana jan hadisin nan cewa mutanen da suka shugabantar da mace ba za su rabauta ba. Saƙonnin murya kuwa ba a magana, kullum sai an turo mini. Maƙwabcina, wanda matarsa ta shiga ƙungiyar mata masu yi mata kamfe, shi ya ce mini zuciyarsa na tare da ita amma hannunsa ba zai iya ba.

Bappa Sa'adu: 'Yata Hauwa, tunda kin taɓo hadisi bari in sa baki. Hadisin ingantacce ne, yana cikin Bukhari, Abu Bakrata ne ya ruwaito shi, kuma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya faɗe shi ne lokacin da labari ya zo cewa Farisawa sun naɗa 'yar Kisra sarauta. Malamai sun yi saɓani a kan iyakarsa. Wasu sun ɗauke shi a kan kowane babban shugabanci, wasu sun ce shugabancin ƙoli ake nufi, kuma gwamna a tsarin Najeriya yana da majalisa da kotu da shugaban ƙasa a kansa. Ba zan ɓoye miki ba, ni ina cikin waɗanda abin ya tsaya wa a rai, kuma ban zaɓe ta ba. Amma ki sani, a gidana mu goma sha ɗaya ne masu katin zaɓe, kuma da aka dawo ana hira na gane ni da ƙanina kaɗai muka tsaya a wannan matsayi. Matana da 'ya'yana har da samarin, can suka tafi. Don haka maganarki tana da ƙamshin gaskiya, sai dai kada ki ɗauka mumbari yana juya ƙuri'a yadda yake yi da.

Goggo Dudu: Bappa ya faɗi gaskiya. Ni a kasuwar Jimeta nake, kuma ban taɓa ganin mata sun fito zaɓe irin na wannan karon ba. Tsofaffin da ba su damu da siyasa ba sun yi sammako sun ja layi. Ke Hauwa kina ƙirga waɗanda suka guje ta don mace ce, kin manta da waɗanda suka zo mata don mace ce. Waɗannan ma dubbai ne. In za a auna, a ɗora duka biyun a sikeli.

Adda Hauwa: Goggo, na yarda da wannan, na gan su nima. Amma mace nawa ce ke fita zaɓe ba da izinin mai gida ba?

Goggo Dudu: Izinin fita daban, abin da za ta yi a bayan labule daban. Cikin rumfa ba mai ganin yatsan kowa.

Aminu: Ku yi haƙuri in shigo, ni daga Kano nake kallon abin. Duk kuna magana kamar ta faɗi. Ai mun ji an sanar da ita a matsayin wadda ta ci, mun ga ta yi jawabin godiya a talabijin, sai daga baya aka ce an soke. A nan mutane da yawa har yau suna ganin ƙwace aka yi.

Hamma Buba: Malam Aminu, wannan ita ce maganar da ta fi yi mini ciwo, don ta ɓata wa baiwar Allah suna fiye da yadda ta taimake ta. Ga yadda aka yi. Bayan zaɓen Maris hukumar zaɓe ta ce bai kammalu ba, saboda ƙuri'un rumfunan da aka soke sun fi tazarar da ke tsakani. Aka sa ranar 15 ga Afrilu, cikin azumi, don a ƙarasa a rumfuna 69. Washegari Lahadi da safe, ana tsakiyar tattara sakamako, ba a ma karɓi na dukkan ƙananan hukumomin ba, sai kwamishinan zaɓe na jiha, Hudu Yunusa Ari, ya zauna ya ce Binani ta ci, ba tare da ya karanta alƙaluma ba. A doka ba aikinsa ba ne, aikin baturen zaɓe ne, wato Farfesa Mohammed Mele. Nan take hedikwatar INEC a Abuja ta ce sanarwar ba ta da tushe, aka dakatar da shi. Ranar 18 ga Afrilu aka ƙarasa, Fintiri ya tashi da 430,861. A zagayen na biyu ma shi ya fi yawa. Ta je kotun sauraron ƙararrakin zaɓe, ta je ɗaukaka ƙara, ta je Kotun Ƙoli, a Janairun 2024 aka tabbatar masa. Kana iya cewa ba ka gamsu da kotu ba, wannan ra'ayinka ne, amma sanarwar safiyar Lahadin nan ba nasara ba ce da aka ƙwace.

Aminu: To na ji wannan. Amma rikicin sakamakon ƙaramar hukumar Fufore fa, da aka yi ta kai ruwa rana a kansa a watan Maris?

Hamma Buba: An yi, kuma kowane ɓangare ya zargi ɗaya da neman murɗe shi. Abin da ya rage mana shi ne abin da aka iya tabbatarwa a gaban alƙali, kuma can ba ta yi nasara ba.

Ishaya: Barkanku da hira, iyaye da yayye. Ni ɗan Michika ne, kuma ina jin kamar kun manta da mu a wannan lissafi. Adamawa ba Yola kaɗai ba ce. Kuna ta magana a kan abin da aka faɗa a masallaci, alhali wuraren da Fintiri ya fi ba ta rata sun haɗa da Madagali, mahaifarsa, da Michika, da yankin Numan, Demsa da Lamurde, inda Kiristoci suke da yawa. Ba wanda ya karanta mana hadisi a coci. Kuma ba mu ƙi mace ba, tunda tikitin da muka zaɓa akwai mace a ciki, Farfesa Kaletapwa Farauta, wadda ta shugabanci jami'ar jiha da ke Mubi, ita ce mataimakiyar gwamna. Mu abin da muka duba daban ne. Boko Haram ta mamaye mana garuruwa a 2014, mun yi gudun hijira, mun dawo mun tarar da kango. Mutumin nan ɗan yankinmu ne, ya san abin da muka gani. Ga kuma tikitin Musulmi da Musulmi da APC ta tsayar a sama, wanda ya ɓata wa mutanenmu rai ƙwarai, kuma fushin bai huce cikin sati uku ba. Binani ba ita ta yi wannan ba, amma tsintsiyar da ke kan takardar ƙuri'a ɗaya ce.

Adda Hauwa: Ɗan'uwa Ishaya, na gode, wannan ban kawo shi a raina ba. Amma ka lura, mataimakiya aka ba mace. Kujera ta biyu kowa ya yarda da ita. Kuma kana ganin da ba Binani ce ke gabansa ba, da Fintiri ya ɗauko mace?

Ishaya: Wataƙila da bai ɗauko ba, Adda. Amma in haka ne, ai ya nuna cewa shi kansa ya ga kasancewarta mace ƙarfi ne da sai an tare shi, ba rauni ba.

Kawu Jauro: Na daɗe ina karantawa ban ce komai ba. Ni na yi wa APC aiki a mazaɓarmu tun daga zaɓen fidda gwani, don haka bari in faɗa muku inda gizo ke saƙa. A watan Mayun 2022 Binani ta kayar da maza jiga-jigai, ita ƙuri'a 430, Malam Nuhu Ribadu 288, ga tsohon gwamna Bindow, ga Abdulrazak Namdas a baya. Murna ba ta daɗe ba aka tafi kotu. A watan Oktoba Babbar Kotun Tarayya da ke Yola ta soke zaɓen, ta ce APC ba ta da ɗan takarar gwamna. Sai ƙarshen Nuwamba kotun ɗaukaka ƙara ta mayar mata da takararta. Ku lissafa, kusan sati shida muna zaune ba mu san ko muna da 'yar takara ba, a daidai lokacin da aka buɗe kamfe. Ka je ƙauye neman goyon baya, a ce maka ai an ce ba ku cikin zaɓe. Masu ba da gudummawa suka riƙe hannunsu. Kafin zaɓe Bindow ya bar jam'iyyar. Waɗansu ba su fita ba, suna ciki da rana, da dare kuma Allah kaɗai ya san inda suke. Ba zan kira suna ba don ban kama kowa da hannuna ba, amma na san rumfunan da wakilanmu ba su zo ba, na san kuɗin abincin wakilai da bai isa inda aka aika shi ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A ɗaya ɓangaren kuma gida ɗaya ne: gwamna mai ci, ga Atiku Abubakar ɗan jiha yana takarar shugaban ƙasa, ya ɗauki 417,611 a nan. Ga wahalar canjin kuɗi da layin mai, mutane suna kwana a bakin banki, kuma gwamnatin tarayya tamu ce, mu ake zagi. Duk da haka ta zo da tazarar dubu talatin da ɗaya. Wallahi ba mutanen Adamawa ne suka kayar da ita ba, gidanmu ne bai haɗu ba.

Ummi: Kawu, a ƙara da aiki kuma. Ni ɗaliba ce a lokacin, karo na farko da na yi zaɓe, kuma Fintiri na zaɓa ina mace. Gadar sama da tituna a Jimeta ido ya gan su, kuma gwamnati ce ta biya mini kuɗin jarrabawar kammala sakandare lokacin da mahaifina ba shi da hali. Na so in ga mace a kujerar, har ga Allah, amma ban ga laifin da mai ita ya yi mini ba.

Hamma Buba: Wannan shi ne bambancin da 2019. Mai ci yana faɗuwa a Adamawa, Bindow ya faɗi, a Zamfara ma Matawalle ya faɗi a 2023 ɗin. Amma sai jama'a sun gaji da shi. Mai neman ture gwamna dole ya zo da dalilin da zai sa a sauke wanda ke kai, kuma a nan dalilin bai yi ƙarfi ba.

Adda Hauwa: Kawu Jauro, tambaya ɗaya zan yi maka, ka ba ni amsa tsakaninka da Allah. Waɗannan da ka ce suna ciki da rana, da Ribadu ne ya ci zaɓen fidda gwani, za su yi masa abin da suka yi mata? Ko kuwa abin da ya kasa haɗiyuwa shi ne mace ta kayar da su a gaban deliget? A Taraba ma haka muka gani da marigayiya Aisha Alhassan a 2015, ta kai gab, har kotun farko ta ba ta, aka dawo aka tabbatar wa Darius Ishaku. Sau biyu ke nan a maƙwabtan jihohi.

Kawu Jauro: 'Yata, kin tambaye ni da Allah, zan faɗa miki. Rikicin APC a Adamawa ya girmi takararta, a 2019 ma an yi wa Bindow irinsa, kuma shi namiji ne. Amma na zauna a ɗakin taro inda wani dattijo a cikinmu ya ce shi ba zai tsaya yana ranƙwafa wa 'yar cikinsa yana cewa ranki ya daɗe ba, kuma ba wanda ya tsawata masa, har da ni. Ko nawa irinsa suka janye mana a ranar zaɓe, ba a rubuta a takardar sakamako ba. Ki gaya wa yarinyar wannan, ki kuma gaya mata 390,275 ɗin.

Adda Hauwa: Zan gaya mata duka biyun, Kawu. Yanzu ma ta dawo daga Islamiyya, bari in ba ta wayar ta karanta da kanta.