Ina so in ƙara ɗaki a gidana: shin harajin gida zai tashi?

Mai Rufin Kwano:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar harajin gidaje. Rufin gidana ya tsufa, ruwa yana zuba har silin ɗin ɗakin yara ya yi baƙi ya fara lotsawa, saboda haka na yanke shawarar sauya kwanon gaba ɗaya. Tunda magina za su shigo, ina so in haɗa da gina ɗaki guda da banɗaki a ƙasa domin mahaifiyata, wadda hawa bene ya fara yi mata wuya. Wani maƙwabcina ya ce duk abin da na kashe za a ɗora shi a kan ƙimar gidan, haraji kuma ya tashi daidai da haka. Shin gaskiya ne?

Tsohon Ma'aikaci:

Wa alaikumus salam, Malam. Allah Ya ƙara wa Hajiya lafiya. Maƙwabcinka ya haɗa abubuwa biyu da hukumomin haraji suke rabawa. A ƙasashen da ake ɗora haraji bisa darajar gida, ana ƙiyasta ƙimarsa ne, sannan a cire wani kaso daga cikinta kowace shekara, kuma abin da mai ƙiyasi yake dubawa shi ne yadda aikin ya ƙara wa gidan daraja a kasuwa, ba rasit ɗin kwano da siminti ba. Sauya rufin da ya ruɓe, da fenti, da gyaran wayar lantarki ko famfo, galibi ana ɗaukar su a matsayin kula da abin da yake nan tun da farko, don haka ba su cika taɓa haraji ba. Ɗaki da banɗaki kuwa ƙari ne, domin faɗin ginin ya ƙaru, kuma faɗin gini da yawan banɗaki suna cikin abubuwan farko da ake rubutawa a takardar kowane gida. Idan ƙarin ya ɗaga ƙimar da kashi goma cikin ɗari, kason haraji kuma bai sauya ba, abin da za ka biya zai ƙaru da kashi goma ne, ko da abin da ka kashe ya fi haka nesa ba kusa ba.

Uwar Biyu:

Ɗan'uwa, ba ka faɗi ƙasar da kake ba, kuma lokacin da ƙarin zai kama ka ya danganta da dokar wurin. A Ingila, inda na zauna, an raba gidaje rukuni takwas, daga A zuwa H, bisa ƙimarsu ta ranar 1 ga Afrilu 1991. Idan ka faɗaɗa gidanka ba a sauya maka rukuni. Sa alama kawai ake yi a takardar gidan, sai ranar da aka sayar da shi a sake dubawa, ƙarin ya faɗa kan wanda ya saya. Inda ya kamata ka buɗe ido shi ne idan ɗakin Mama zai zama sashe mai zaman kansa, da kicin ɗinsa da banɗakinsa, domin irin wannan ana iya ba shi rukuninsa daban tun kana cikin gidan. Duk da haka ana yafe harajin sashen idan mai zama a ciki ɗan'uwa ne da ya kai shekara 65 ko mai buƙata ta musamman. Na ga iyalin da suka yi shekaru suna biya, ba don doka ta tilasta musu ba, sai don babu wanda ya gaya musu su nemi wannan sassauci, kuma abin ya tsaya mini a rai.

Ɗan Kwangila:

A jihar Kaliforniya ta Amurka tsarin ya sha bamban. Tun daga 1978 doka ta ƙayyade ainihin harajin a kan kashi 1 cikin ɗari na ƙimar gida, ƙimar kuma ba ta ƙaruwa fiye da kashi 2 a shekara har sai gida ya sauya hannu. Idan aka yi sabon gini, sashen da aka ƙara kaɗai ake ƙiyastawa da farashin yau, tsohon ginin ya ci gaba da ƙimarsa ta da. Ana kuma keɓe gyaran da aka yi domin sauƙaƙa wa mai naƙasa mai tsanani zama a gidan, muddin an cike takardar nema.

Wata magana ta daban ita ce, Malam, za ka samu masu ce maka ka yi ginin ba tare da takardar izini ba, tunda ta hanyarta ne hukumar haraji take samun labari. Ina roƙonka kada ka saurare su. Akwai hukumomin da suke kwatanta hotunan da aka ɗauka daga sama, kuma ranar da za ka sayar da gidan ɗakin da ba ya cikin takarda zai zame maka ƙarfen ƙafa. Mafi muhimmanci, izinin ne yake kawo wanda zai duba tushe da wayar lantarki na ɗakin da tsohuwa za ta kwana a ciki.

Mai Rufin Kwano:

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Da ma a cikin zanen akwai ɗan kicin da na sa wa Hajiya, kuma ban taɓa tunanin zai iya mayar da ɗakin gida na biyu a idon hukuma ba. Zan kai zanen ofishin masu ƙiyasi kafin a haƙa tushe, in tambaye su yadda za su lissafa shi da kicin da kuma babu kicin, sannan in sa magini ya raba mini takardar aikin rufi da ta sabon ɗaki.