Abin da 'yan kasuwar Yamai suka ce kan takardar bayanin manhajar AI mai taya ciniki

'Yan uwa, ga abin da na tattaro daga maganganunmu kan abin da ya kamata a samu a takardar da ke bayanin yadda manhajar AI mai taimaka wa mai shago a ciniki take aiki.

Inda baki ya zo ɗaya:

1. Takardar ta faɗi ƙarara abin da manhajar ke yi da kanta ba tare da izinin mai kaya ba. Nan aka fi daɗewa, ni ma nan ne damuwata. In mai saye ya taya atamfar jika goma a jika bakwai, sallamawa take yi ko tana jiran ka? In takarda ta yi shiru a nan, kada ka damƙa mata shagonka.
2. Ta nuna inda lambobin masu saye da hirar WhatsApp suke zuwa, da yadda ake goge su.
3. A ga ranar da aka sabunta ta.

Inda aka rabu: harshe. Wasu sun ce Faransanci ya wadatar. Masu shaguna a kasuwannin Katako da Wadata suka ce cinikinsu da Hausa da Zabarmanci ne, galibi ta saƙon murya, dole takarda ta faɗi ko manhajar tana ji.

Kan biya, wasu sun nace sai an ambaci sefa da hanyoyin tura kuɗi irin su Airtel Money ko Nita. Wasu suka ce karɓar kuɗi a bar wa mai shago.