Maki 358 gare ni a Express Entry na Kanada: in sake IELTS ko in koma Faransanci?

Baban Ilham:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema, musamman daga wanda ya bi hanyar nan ta Express Entry, tsarin ƙaura zuwa Kanada bisa maki, da ƙafarsa. Shekaruna 33, akanta ne ni, digiri na biyu, shekara 7 ina aiki, da iyali da yara biyu. WES, masu duba takardun karatu, sun tantance takarduna tun bara. IELTS (jarrabawar Turanci) na biyu da na zauna: sauraro 7.5, karatu 7, rubutu 6.5, magana 7. Na lissafa a shafin IRCC, hukumar shige da ficen Kanada, 358 ya ba ni, alhali gayyatar kowa da kowa ta neman izinin zama a 2024 sama da 500 ta tsaya. Kuɗin hannuna abu ɗaya za su iya: ko in sake IELTS karo na uku, ko in shiga ajin Faransanci na shekara guda in zauna jarrabawar Faransanci ta TEF. Watan Maris zan cika 34, maki 5 su zube. Akwai filin gado, amma ba na so in taɓa shi sai na ga gayyata da idona. Wanne zan kama?

Sarkin Yawo:
Wa alaikumus salam. Me ya kai ka Kanada da wannan sanyi? Ka gwada Ostiraliya mana, ƙanen matata can yake.

Abba Kwamfuta:
Ka nemi kamfanin da zai ba ka takardar ɗaukar aiki daga can, maki 50 ne nan take.

Malam Lissafi:
Abba, wannan tsohon zance ne. Tun Maris 2025 aka cire makin takardar aiki. Baban Ilham, matsalarka rabin maki ce a wuri biyu. Matakin ƙwarewar harshe da ake kira CLB 9 yana son sauraro 8, sauran uku 7. Da ka kai shi, ba makin harshe kaɗai ke ƙaruwa ba, har wanda ake haɗawa da digiri da shekarun aiki zai tashi daga 50 zuwa 100. Na buga maka: 422. Amma 422 ɗin ma ba ta kai ka bakin ƙofa sai in wani lardi ya zaɓe ka, shi ne mai maki 600.

Ɗan Fagge:
Tunda an ambaci takardar aiki, ku bar ni in yi magana, abin yana cina har yau. A 2022 wani abokin aikina ya haɗa ni da wani ejan a Abuja. Ofis mai sanyi, tutar Kanada a kan tebur, hotunan mutanen da ya ce shi ya tura. Ni kashiya ne a lokacin. Ya ce aikina ba ya cikin waɗanda ake karɓa, amma in bar masa komai. Naira miliyan 4 ya nema. Na sayar da motata, maiɗakina ta cire sarƙar aurenta ta ba ni, ban ma roƙe ta ba. Shi ya buɗe fayil ɗin, imel nasa, kalmar sirri tasa, ban taɓa ganin abin da ya rubuta da sunana ba. Ashe takarda ya haɗa wai ni manaja ne a wani kamfanin da ko ƙofarsa ban sani ba.

Gayyata ta zo, muka yi murna, har surukata ta yi sadaka. Bayan watanni sai wasiƙa: sun bincika kamfanin ba su gamsu ba, in yi bayani. Bayanin me zan yi? Na kira mutumin nan ya ce in kwantar da hankali, bayan sati biyu layinsa ya daina shiga. Hukuncin da ya fito shi ne na ba da bayanin ƙarya, shekara 5 ba ni ba shiga Kanada. Ba ruwansu da wanda ya rubuta, sunanka ne a kai. Kuɗin ba su ne suka fi ƙona min rai ba. Duk sanda aka yi biki na ga maiɗakina da wuya babu komai, wallahi sai in kasa cin abinci.

Maman Sultan:
Innalillahi. Allah ya mayar maka da alheri, Yaya, ya saka wa baiwar Allahn nan. Jama'a, duk wanda zai karɓi kuɗinku kan wannan harka ku nemi lambar lasisinsa ku duba a rajistar CICC, hukumar da ke ba masu ba da shawara kan shiga Kanada lasisi. Ni da kaina na cike nawa ina Kaduna, yanzu shekara shida ke nan muna Kalgari.

Sarkin Yawo:
Ɗan Fagge, ka kai shi wurin hukuma?

Ɗan Fagge:
Na kai. Da aka je, ofishin ya koma shagon sayar da labule.

Baban Ilham:
Allah ya isar maka, ɗan uwa. Ni ba ejan a lissafina. Maman Sultan, nawa kuka kashe gaba ɗaya? In san ko filin zai tsira.

Abba Kwamfuta:
Dalar Kanada 1,365 ce kowane babba, yayana haka ya biya. IELTS kuma dubu 75.

Malam Lissafi:
Wace shekara? Afrilun 2024 an ƙara ya koma 1,525, yaro 260, ga 85 na ɗaukar yatsu. IELTS kuwa ya daɗe da haura dubu 200. Kuɗin da ake nunawa a banki na mutum huɗu 27,297.

Umm Haidar:
27,297 na 2024 ne Malam, a 2025 ya koma 28,362, shi muka nuna. Baban Ilham, maganar fili ka sake tunani. In gayyata ta zo kwana 60 kacal gare ka, kuma takardar banki tana nuna matsakaicin abin da ke asusun na wata shida. Kuɗi su faɗo jiya-jiya, dole ka nuna inda suka fito, da takardar cinikin. Fili kuma ba ya sayuwa ranar da kake so, dillalai na jin kana sauri za su karya shi.

Maman Sultan:
Ni dai shawarata ka sake IELTS. Sau huɗu na zauna kafin rubutu ya kai 7. Da 450 da 'yan kai na shigo. Haƙuri ne kawai.

Malam Lissafi:
Hajiya, da girmamawa, 2019 kika shigo. Makinki na wancan lokaci yau ko kallonsa ba a yi.

Maman Sultan:
To Malam, kai daga wane lardi kake magana? Shekara uku kana mana lissafi a nan, har yau ban ji ka hau jirgi ba. Wanda ya sha ruwan rijiya shi ya san zurfinta.

Malam Lissafi:
Ban hau ba, gaskiya ne, ina cikin layi kamar kowa. Amma dokar da ake aiki da ita yau nake karantawa, ba ta shekara shida baya ba. Wanda ya haye kogi da rani ba zai ba mai damina labarin mashigi ba.

Ɗan Maraɗi:
Ku yi haƙuri manya. Yau ga ranar Faransancin da kuke mana dariya da shi a kasuwar Jibiya! Baban Ilham, tun 2023 masu Faransanci layinsu daban ne, kuma a farkon 2024 an gayyaci mutane da maki ƙasa da 400. In ka kai mataki na 7 a duka huɗun, da Turancin da kake da shi, 50 ne kyauta, ga 12 na harshe na biyu. Sai dai in gaya maka gaskiya: ni da na yi lakwal, wato makaranta, da shi tun ina yaro, rubutun TCF, ɗayar jarrabawar Faransancin, sai da ya kayar da ni karon farko. Mai farawa daga baƙaƙe, ga aiki ga iyali, shekara ɗaya sai in kullum zai ba shi awa biyu ko uku, ba fashi. Kuma wannan hanya ta zama wajen Kebek ce, su tsarinsu daban.

Sarkin Yawo:
Shi ke nan, Baban Ilham ya ƙaro ta biyu daga Maraɗi, malama har gida.

Umm Haidar:
Kanada matar fari kaɗai ta sani, malamar a tasha za a bar ta. Kuma Maman Ilham tana jin ka.

Abba Kwamfuta:
Af, ka rubuta cewa iyali ba za su bi ka ba yanzu, a lissafa ka kamar gwauro. 381 za ka samu.

Ɗan Fagge:
Da irin wannan dabarar aka fara da ni. In da gaske daga baya za su zo, to. In wayo ne, ka dube ni.

Hauwa Nas:
Ku da kuka kai ga lissafin maki ma kun ji daɗi. Baban Ilham, ta yaya jami'arku ta tura wa WES sakamakonka? Ni wata tara ke nan. Na biya a banki, na kai rasit, aka ce fayil ɗina yana tsohon sito, mai makullin ya tafi hutu. Na koma aka ce sai shugaban sashe ya sa hannu, ya yi tafiya. Sau biyar ina hawa mota daga inda nake aiki, kwana biyu-biyu ina roƙon canjin dutin dare. IELTS ɗina shekara biyu ne ransa, ya riga ya ci wata goma sha ɗaya ina zaune.

Umm Haidar:
'Yar uwa, namu sai da maigidan ya kwana uku a garin. Da aka tura kuma, an rubuta Muhammad a wata takarda, Mohammed a wata, sai da muka yi rantsuwar kotu.

Malam Lissafi:
Ni shekarar kammalawa suka rubuta ba daidai ba. Karatun da ka yi da guminka, sai ka yi bara kafin a ba ka shaidarsa.

Baban Ilham:
Hauwa, wata huɗu nawa ya ɗauka, wani tsohon ɗan ajinmu da ke koyarwa a can shi ya riƙa bin ofis-ofis. Ɗan Maraɗi, akwai Alliance Française a nan Kano, zan leƙa ranar Asabar in ji tsarin ajinsu. Amma har yanzu ina jiran wanda ya fara Faransanci daga farko da girmansa ya kai mataki na 7. Akwai shi a nan?

Hauwa Nas:
Ni ba ni da kowa a cikin makarantar. Wanda ya san yadda ake kai ƙorafi sama da ofishin rajistara don Allah ya faɗa min, Litinin zan sake komawa.