Wace kalma za mu ba "informed consent" da Hausa?

Jama'a, ina neman taimakonku a kan kalmar nan. Duk wanda ya taɓa fassara takardar asibiti ko ta binciken magani ya ci karo da ita, kuma kowa da yadda yake juya ta. Wasu su ce "izini", wasu "amincewa", wasu ma su taƙaita a "sa hannu". Ni dai har yanzu babu wadda ta kwanta mini.

Ga abin da ake nufi: kafin a yi wa mutum tiyata, ko a gwada sabon magani a jikinsa, sai an faɗa masa abin da za a yi, da amfaninsa, da haɗarinsa, da wata hanyar idan akwai, ya gane, sannan ya yarda don raɗin kansa. Kuma yana da ikon janyewa ko da an fara.

"Sa hannu" ba ma sai mun daɗe a kanta ba. Takarda shaida ce kawai, mutum yana iya dangwala yatsa a kan abin da bai san kansa ba.

"Izini" kuwa daga sama take saukowa, mai iko ne ke ba da ita. Zan so mu ajiye ta ga iyaye ko waliyyi, idan yaro ne za a yi wa aiki ko wanda ba ya cikin hayyacinsa.

Wadda ta fi ba ni wahala ita ce "amincewa", domin tana da daɗin ji kuma an saba da ita. Amma tushenta aminci ne, kuma kana iya amincewa da mutum ba tare da ka san me zai yi maka ba. A nan ne labarin Tuskegee yake tsaya mini a rai. A 1932 hukumar kiwon lafiyar jama'a ta Amurka ta fara bincike a yankin garin Tuskegee na jihar Alabama da baƙaƙen fata maza 600, 399 daga cikinsu suna ɗauke da tunjere. Ba a faɗa musu sunan cutar ba, an ce musu jininsu ne ba shi da kyau. Aka yi musu alkawarin duba lafiya da abinci kyauta da kuɗin binnewa. Da fenisilin ya zama maganin cutar a shekarun 1940, aka hana su, don a ga yadda za ta ci jiki. Sai 1972 aka dakatar, bayan 'yan jarida sun tona. Mutanen nan sun amince da likitocinsu, da ƙafarsu suke zuwa. Kalmar da za ta iya rufe wannan ɓarna ba ta ishe mu ba.

Abin da ya ƙara ciwo, tun 1947 aka rubuta ƙa'idojin Nuremberg na gwaji a jikin ɗan Adam, bayan shari'ar likitocin Nazi a birnin Nuremberg na Jamus, kuma ta farkonsu a kan yardar wanda za a yi gwaji a jikinsa take.

Wata ma'aikaciyar jinya ta kawo mini "yarda bayan bayani". Na so ta da farko. Sai na tuna bayani aikin mai magana ne. Likita yana iya zuba bayani cikin minti biyu da harshen da majinyaci ba ya ji, shi kuma ya ce "to" don kunya, kowa ya tashi. An yi bayani, an yarda, ba a gane komai ba.

Shi ya sa nake ba da shawarar "yarda bisa fahimta". Fahimta a kan majinyaci take faruwa, don haka nauyin tabbatar da ita ya koma wuyan likita ko mai bincike. Kuma tana shiga jimla ba gargada: "Ya yarda bisa fahimta?" "Ku kawo takardar yarda bisa fahimta."

Tana da wani amfanin a lafiyar jama'a, inda akan tilasta killacewa ko rigakafi lokacin annoba. Kotun Ƙolin Amurka ta halatta tilasta rigakafin agana tun 1905. Idan muna da sunan haƙƙin, za mu iya tambayar hukuma dalilin jingine shi, da ranar da za ta mayar.

Inda nake da sauran shakka shi ne batun raɗin kai. Fursuna ko wanda talauci ya kai bango yana iya fahimtar komai ya ce ya yarda, alhali ba shi da bakin ƙi. A kunnenku, "yarda" ita kaɗai ta ɗauke wannan, ko sai mun ƙara mata wata kalma?