Wai da me ake yin kaya toast ɗin nan da 'yan Singafo ke karyawa da shi?

Ummu_Hanan:
Salam 'yan uwa, dan Allah waɗanda suka zauna a Singafo ko Maleshiya ina da tambaya. Maigidana zai je kwas a Singafo wata mai zuwa kuma in sha Allah tare za mu tafi, to duk inda na duba maganar karin kumallo sai in ga kaya toast da kofi da wani ƙwai mai ruwa-ruwa a faranti. Da me ake yin sa ne, kuma ya halatta mu ci? Sannan ya ake oda a kopitiam ɗin nasu wato shagunan kofi, sunayen kofin sun ruɗa ni wlh. Ƙwan ne ma ya fi damuna gsky.

Abu_Sadiq:
Wa alaikumussalam Hajiya. Shi kaya jam ne na kwakwa, madarar kwakwa ce da ƙwai da suga ake ɗorawa a wuta kaɗan-kaɗan ana ta juyawa ba a barin sa har ya yi kauri ya yi santsi, in aka cika masa wuta ƙwan sai ya guda ya lalace, shi ya sa yake cin lokaci. Iri biyu za ki gani, akwai kore wanda ake sa wa ganyen pandan mai ƙamshi, akwai mai ruwan ƙasa na mutanen Hainan wanda sai an fara narka suga ya yi duhu kafin a haɗa. Ni na biyun na fi so don ɗanɗanonsa ya fi kama baki.

Sai a yanka burodi siriri a gasa, a da kan gawayi ake yi kuma har yanzu wasu tsofaffin shaguna ba su daina ba, a shafa kayan a ɗora yankan bota mai sanyi a rufe. Sanyin botan nan da zafin burodin shi ne daɗin abin, kar ki tsaya ɗaukar hoto har ya narke. Asalinsa kuma 'yan Hainan ne daga kudancin Chaina da suka yi aikin kuku a gidajen Turawan Ingila da jiragen ruwansu, can suka koyi gasa burodi da jam, da suka buɗe nasu shagunan sai suka yi da abin da ƙasar ke da shi wato kwakwa da pandan.

Maman_Ilham:
'Yar uwa kar ki ji tsoron ƙwan nan, ai shi ne rabin karin kumallon. Guda biyu ake bayarwa an tsoma su a ruwan zafi na 'yan mintuna, ki fasa a faranti ki ɗiga baƙin soya sos kaɗan ki barbaɗa farin masoro ki juya, sai ki riƙa tsoma burodin a ciki, zaƙi da gishiri su haɗu, wlh sai kin nemi ƙari. Amma in kina da juna biyu ko za ki ba ƙaramin yaro to ki haƙura da shi, burodin kaɗai ma ya isa.

Maganar oda kuwa ba wuya. In kika ce kopi kawai za a kawo miki da madara mai kauri mai zaƙin nan, kopi o baƙi ne da suga, kopi c da madarar ruwa ta gwangwani da suga, in ba kya son suga ki ƙara da cewa kosong, in kaɗan kike so ki ce siew dai, in da ƙanƙara ki ce peng. In shayi kike so ki sa teh a wurin kopi shike nan. Kofin yana da ƙarfi fa, robusta ne ake soya shi da suga da majarin sannan a tace da matacin yadi.

Halal kuma, kaya da burodi su kansu babu komai a ciki, matsalar ita ce shago ɗaya zai iya sayar da wani abincin mai naman alade. Ki duba takardar halal ta MUIS wato hukumar Musulunci ta Singafo a jikin shagon, a Maleshiya kuma ta hukumarsu JAKIM, ko ki je wajen Musulmi Malay ki ce roti bakar wato gasasshen burodi da yarensu.

Baban_Khalil:
Abin da zan ƙara shi ne wurin da za ku ci. Manyan sunaye irin su Ya Kun da ya faro tun 1944 da Killiney da ke nan tun 1919 yanzu suna da rassa a manyan kantuna da AC da komai, suna da kyau kuma ba za ku sha wahalar samu ba. Amma ku daure ku shiga na unguwa ko sau ɗaya, waɗanda ke ƙasan gidajen gwamnati na HDB inda yawancin 'yan ƙasar ke zaune. Kamar teburin mai shayi ne, kujerun roba da fanka na juyawa, dattijai da jarida sun zauna da kofi ɗaya ana ta hira, mai karɓar oda yana ƙwala wa mai haɗawa kira da ƙarfi, Basine da Bamalay da Ba'indiye duk teburi ɗaya. Ku je da sassafe wajen bakwai zuwa takwas, a nan za ku ga mutanen gari da gaske.

Abu biyu ku kiyaye. In kun ga ƙunshin tishu a kan teburi to wani ya kama wurin ne kar ku zauna. Kuma in kun gama ku mayar da tire da kofuna wurin ajiya, doka ce, karon farko gargaɗi ne na biyu tarar dala 300 ta Singafo.

Ummu_Hanan:
Na gode sosai Allah ya saka da alheri. To in na sayi na kwalba zai kai ni gida bai lalace ba?

Maman_Ilham:
Na kamfani da ba a buɗe ba zai kai, ki duba ranar da aka rubuta a jiki kuma ki sa a babban akwati don ba za su bari ki shiga da shi jirgi a jakar hannu ba. Wanda shago ya dafa da kansa kuwa ba ya jimawa saboda ƙwai da kwakwar, sai a firij kuma ki cinye da wuri.